Sake

Shekara casa'in da ɗaya.
Na soma ƙirga da yatsu, yatsun suka ƙare,
na ƙarasa da ƙusoshin da ya bari
cikin gwangwanin madara a bakin taga.

Ni ce Afiniki, autar Malam Filimon,
na girma ina share garin katako daga tsakar gida.

Da safe alli, da yamma zarto.
Hannun nan bai taɓa zama launi ɗaya ba,
fari daga allon aji, ja daga jikin maɗaci.
Mama ta ce, "Wanke kafin ka taɓa mini tuwo."
Ya ce, "Biriskila, ai magin ke nan."

Shekara talatin da takwas yana tura keke zuwa Gwagwarwa,
keken da ƙararrawarsa ta daɗe da shaƙewa.
Ya tarar da yara saba'in zaune a kan siminti,
bai rubuta wa kowa takardar kuka ba.
Asabar ta yi, ya nufi 'yan katako da rabin albashi,
ya dawo yana bin amalanke a ƙasa,
muka sha kunu babu sukari har wata ya mutu.

Ba ya duka.
Sai dai ya zare tabarau, ya dube ka, ya ce, "Sake."
Jimla ce ta karkace, ko ƙafar kujera,
ko gaisuwar da ka yi a tsaye,
duk "Sake."
Wallahi mun tsani kalmar nan, mu bakwai.

Ran Lahadi ya sa farar riga mai guga kamar wuƙa,
ya buɗe littafin waƙoƙi, ya ɓata wa mawaƙa murya.
Shi ma ya sani.
Ya ce Ubangiji da ya yi kanari shi ya yi hankaka,
kowa ya kawo abin da aka ba shi.

Shekarar da gari ya yamutse
muka kwana ƙarƙashin teburin aiki, fitila a kashe.
Malam Tanimu mai awo ya shimfiɗa buzunsa a ƙofarmu,
ya ce wa masu zuwa,
"Wanda ya koya wa 'ya'yana huɗu karatu yana ciki.
Ku fara da ni."
Dangi suka aiko, a tattara a dawo gida.
Baba ya ce, "Ina da aji ran Litinin."

Da Mama ta tafi, yana da tamanin da biyu,
ya hana kowa taɓa akwatinta.
Kwana biyu muna jin zarto yana numfashi kamar mai asma.
Na leƙa, na same shi yana goge ciki,
cikin da za a rufe.
Na ce, "Baba, wa zai gani?"
Ya ce, "Bakina ya ba ta kaushi da yawa.
Wannan kam sai sumul."

Daga baya ido ya ƙi.
Ya koma karanta katako da yatsa,
Zabura kuma daga ka,
inda ya manta, jika ya cika masa,
inda jika ya yi tuntuɓe, kun san abin da ya ce.

Ranar jana'iza majami'ar Sabon Gari ta yi kaɗan.
Likita ya zo, direban tirela ya zo,
wata tsohuwa mai sayar da atamfa a Kwari,
da dattawa masu hula daga Fagge
da suka tsaya a inuwar darbejiya har aka tashi.
Kowa na cewa, "Malamina ne,"
kamar ni ba ubana ba.

Na dawo gida, na zauna a bencinsa na ƙarshe,
wanda ya yi bayan ido ya tafi.
Ƙafa ɗaya ba ta kai ƙasa.
Na naɗe takarda zan cusa,
hannuna ya tsaya.

Na tashi, na je neman zarto.